Rage wa a-kori-kura tsayi a gida: inda ake tsimi da inda ba a yi

Duk a-kori-kurar da ta fito daga kamfani, in ka tsaya daga gefe ka dube ta babu kaya, za ka ga bayanta ya ɗara gabanta tsayi. Da gangan aka yi haka, domin in an jibga mata buhuna ta zauna daidai, kada ƙugunta ya ja ƙasa. To amma a Amurka akwai ɗimbin mutane da ke sayen irin waɗannan motoci ba don dako ba. Hawa kawai suke yi, zuwa aiki da dawowa, a kan kwalta mai santsi. Su a idonsu wannan wagegen fili da ke tsakanin taya da jikin mota muni ne, shi ya sa suke sauke motar ta kusanci ƙasa. Mai hali yakan kai wa ƙwararru. Talaka kuwa yakan shiga ƙarƙashinta da kansa ranar hutun ƙarshen mako, da jak da sufana, a ƙofar gidansa.

Abin ya samo asali ne daga samarin Amurkawa 'yan asalin Meziko da ke birnin Los Anjalis, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tun suna zuba buhunan yashi a but don mota ta zauna, har suka koma yanke sufurin. A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa kada wani sashe na mota ya yi ƙasa da gindin rim. Shekara guda bayan haka, a 1959, wani mai suna Ron Aguirre ya ɗora wa motarsa Corvette famfunan haidurolik na jirgin sama, yadda zai ɗaga ta in ya hango 'yan sanda, ya sauke ta in sun wuce. Wannan doka ta daɗe, sai a Oktoban 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu aka soke ta. Ƙananan a-kori-kura na Datsun da Toyota da Chevy LUV sun shiga sahu a shekarun 1970 da 1980, daga baya manyan Chevrolet C10 da C1500 suka zama abin so na masu wannan sha'awa. Kamfanonin ma sun lura da kasuwar: Ford ya fitar da a-kori-kura mai suna Lightning a 1993, a sauke tun daga masana'anta. A yau har a Tailan ana yi wa Isuzu D-Max da Hilux irin wannan aiki sosai.

Ba ado kaɗai ba ne, akwai amfani na gaske. Doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana da wani lissafi mai sauƙi da ta fara auna motoci da shi a 2001: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin mota. A ce faɗin santimita 160 ne, cibiyar nauyin tana santimita 70 daga ƙasa, sakamakon 1.14 ke nan. In cibiyar ta sauko zuwa 63, ya zama 1.27. Duk yadda lambar ta ƙaru, kifewa ta ƙara wuya. Ga kuma sauƙin hawa ga tsofaffi da sauƙin loda kaya.

Sai dai kafin mutum ya kwance noti ɗaya, akwai abin da ya kamata ya zauna masa a kai. Tsakanin aksul da shasi akwai tazara, a tsakiyarta kuma akwai wata ƙulluwar roba da ke tare aksul kada ya daki ƙarfen shasi. Wannan tazarar ita ce filin da taya take wasa a ciki duk lokacin da ta hau tudu ko ta faɗa rami. Sauke mota, a mafi yawan hanyoyinsa, cin wannan fili ne. In tazarar inci biyar ce ka sauke inci uku, saura biyu. Daga nan duk ramin da ya wuce inci biyu, ba sufurin ne zai shanye shi ba, shasi ne da bayan direba. Saboda haka ni a ganina hanyoyin sauke mota kashi biyu ne kawai. Akwai waɗanda suke canja wa taya ko sufurin mazauni su bar lafiyar sufurin yadda take, akwai kuma waɗanda suke raunana sufurin ɗin kansa don ya lotsa. Na farkon ana iya yin su da kuɗi kaɗan a zauna lafiya. Na biyun su ne suka fi arha, su ne kuma suke kai mutane asibiti.

Gaban mota

Yawancin a-kori-kura da jif masu jan taya biyu suna da hannaye biyu a kowace tayar gaba, na sama da na ƙasa, da sufurin mai naɗi zaune a kan na ƙasan. Tsakanin hannayen akwai wani dunƙulen ƙarfe, sifindil, wanda taya da birki suke ɗaure a jikinsa. Hanya mafi tsafta ita ce a sayi sifindil da aka ƙera musamman, wanda aka matsar da ƙaramin gatarin da taya ke juyawa a kai zuwa sama da kamar inci biyu. Taya ta haura cikin jikin mota, mota ta sauko, amma hannaye da sufurin da shakazoba duk suna nan a inda kamfani ya ajiye su. Ba a ci komai daga filin wasan taya ba, laushin tafiya bai canja ba. Illarsa guda biyu ce. Ya fi sauran hanyoyin tsada, sannan hannun ƙasa yana ƙara kusantar cikin rim, har wani lokaci ƙaramin rim ya ƙi shiga sai an sauya babba ko an rage bakin hannun. Duk da haka, in kuɗin mutum na abu ɗaya ne, nan zan ce ya zuba su.

Sai sufurin da aka ƙera gajere tun asali. Ana yin sa da ɗan tauri fiye da na kamfani, domin tunda filin ya ragu, dole a hana taya saurin cinye shi. Inci ɗaya zuwa biyu ba laifi. Masu son inci huɗu a gaba sukan haɗa biyun, sifindil ya ba da biyu, sufurin ya ba da biyu.

Yanke sufurin shi ne abin da kowa ke tambaya, saboda kyauta ne. Gaskiyar magana, ba haramun ba ne a kanikance, amma yana da sharuɗɗa da yawancin masu yi ba su sani ba. Na farko, sai sufurin da bakinsa ya ƙare haka nan a buɗe, kamar an datse waya. Wanda aka daddale bakinsa ya kwanta, ko wanda naɗinsa ya tsuke a ƙarshe, in aka yanke ba zai sake zama a mazauninsa ba. Na biyu, yankan yana ƙara tauri. Sufurin mai naɗi takwas masu aiki, in aka cire ɗaya ya koma bakwai, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari. Na uku kuma shi ne wanda ya fi cin mutane: sufurin ba a bakin taya yake zaune ba, wajen tsakiyar hannu yake. Don haka inci ɗayan da aka rage a jikinsa yakan zama kusan biyu a taya. Mutum ya yanke naɗi biyu yana tsammanin inci biyu, ya sauke jak ya tarar mota ta kwanta a kan roba. Abin da aka yanke kuwa ba ya komawa. Masu haƙuri rubu'in naɗi ko rabi suke cirewa, su mayar, su zagaya unguwa mota ta zauna, su auna, sannan su ƙara in da bukata. Da faifan giranda ake yankan, ana yi ana sanyaya ƙarfen, a kuma shafa fenti a bakin don tsatsa.

Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne gasa sufurin da wutar walda. Za ka ga an kunna wutar gas an ɗora a naɗi ɗaya alhali mota tana tsaye a kan tayoyinta. Ƙarfen ya yi ja, naɗin ya fara matsowa kusa da ɗan'uwansa, kusurwar motar ta sunkuya a hankali, mai wutar ya janye ya ce ya isa. Sai a koma ɗaya gefen a yi ƙoƙarin daidaitawa da ido. A ranar kam aiki ya yi kyau. Amma ƙarfen sufurin an dafa shi ne a masana'anta, an tsoma shi, an sake ɗumama shi da ma'auni, kafin ya samu halin lanƙwasa ya dawo. Wutar ta kashe wannan hali a daidai inda ta taɓa, kamar addar da ta kwana a gobara, siffarta na nan amma ba ta sake riƙe kaifi. Wurin zai ci gaba da lotsawa wata bayan wata, gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana kuma ya karye ana cikin gudu. Babu wani gwanin da ya iya wannan aiki yadda zai yi lafiya.

Wasu motocin ba su da sufurin mai naɗi a gaba sam. Doguwar sandar ƙarfe ce kwance a tsawon shasi, tana murɗewa tana warwarewa. Haka da yawa daga cikin tsofaffin Hilux na kafin 2005 suke, da Nissan D21, da manyan Chevrolet masu jan taya huɗu na 1988 zuwa 1998. Mai irin wannan mota ya yi sa'a, domin a ƙarshen kowace sanda akwai kusar daidaitawa. A ɗaga mota nauyi ya bar taya, a yi wa kusar alama da fenti, a sassauta ta ana ƙirga zagaye, hagu da dama daidai wa daida. Ko kwabo ba a kashe ba, kuma in bai yi ba a mayar. Taurin sandar ba ya canjawa, amma filin wasan taya yana raguwa, don haka inci ɗaya zuwa biyu shi ne iyaka ta hankali. Mai jan taya huɗu ya ƙara kula, domin sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba su ma kusurwarsu tana sauyawa.

Bayan mota

Nan ne tsimin gaske yake, nan ne kuma ake yawan sayen kayan da ba su dace ba. Kafin komai, durƙusa ka leƙa: aksul ne a saman sufurin mai falle-falle, ko sufurin ne a saman aksul? Amsar wannan tambaya ita ke yanke duk abin da zai biyo baya.

In aksul ne a sama, kamar a Chevrolet S-10 da tsofaffin Toyota da Nissan masu jan taya biyu, to an huta. Ɗan tubalin ƙarfe ake sakawa tsakanin aksul da sufurin. Aksul ya ƙara hawa sama da kaurin tubalin, mota ta sauko da daidai wannan kauri. Sufurin bai san an yi komai ba, ƙarfin ɗaukarsa yana nan. A bayan mota, wannan ita ce hanya mafi arha cikin masu lafiya. Sai dai tubalin ya zama na ƙarfe mai kyau, ba sakaran alminiyon da aka zuba a ƙira ba, wanda ke tsagewa. Ba a ɗora tubali a kan tubali. Fiye da inci uku kuma matsala ce, saboda dalili biyu. Aksul yana samun dogon hannu da zai riƙa murɗa sufurin duk lokacin da aka taka totur ko birki. Sannan sufurin da farantin da ke ƙarƙashinsa suna saukowa tare da mota, suna kusantar ƙasa.

A nan ne tsohuwar dokar Kalifoniya take da gaskiya, ko da an soke ta. Ka ɗauka taya ta fashe ana gudu, mota ta zauna a kan rim. In akwai wani ƙarfe, farantin sufurin ne ko bakin kusa ko hannun gaba, da ya fi gindin rim kusa da ƙasa, shi zai fara cakar kwalta. Daga nan sitiyari da birki ba su da sauran magana, motar za ta juya a kan wannan ƙarfen ta tafi inda ta ga dama. Gwajin ba shi da wuya: a ɗaure zare daga gindin rim na hagu zuwa gindin tayar dama, a ja ya miƙe, a sake yi ta ɗaya ɓangaren. Duk abin da ya leƙo ƙasan zaren nan, aiki bai ƙare ba.

In kuwa sufurin ne a saman aksul, kamar a manyan Chevrolet na 1973 zuwa sama da Ford F-150 da Hilux mai jan taya huɗu, tubali ɗaga mota zai yi, ba saukewa ba. Wasu masu jan taya huɗun ma da tubalinsu suke zuwa daga kamfani, cire shi kawai ya isa ya daidaita baya da gaba. In babu shi, sai a duba mariƙin da ke riƙe ƙarshen sufurin ta baya. A manyan Chevrolet, idon sufurin yana saman mariƙin ne, don haka dogon mariƙi yana tura sufurin sama, mota ta sauko inci ɗaya ko biyu. A Hilux kuwa mariƙin rataye yake daga shasi, idon sufurin yana ƙasa, dogon mariƙi ɗaga ta zai yi. Abu ɗaya, sakamako biyu masu kishiyantar juna, shi ya sa ba a sayen kaya don an ga hoton motar wani. A kuma tuna cewa ƙarshe ɗaya kawai ake matsarwa, aksul yana tsakiya, saboda haka ƙarin inci huɗu a mariƙi kusan inci biyu yake bayarwa a taya.

Mai son sauka sosai, sai ya juya aksul gaba ɗaya ya dawo da shi saman sufurin. Wannan yakan ba da wajen inci shida a tashi ɗaya, wato kaurin bututun aksul da na fallayen sufurin da na mazauninsu a haɗe. Shi ne sanannen tsarin nan na huɗu a gaba shida a baya da ake yi wa C1500. Kayan juyin kansu ba su da tsada sosai, amma tsugune ba ta ƙare ba. Bayan juyi aksul yana dab da shasi, dole sai an yanke shasi a saman aksul, tsaga mai siffar harafin C, a lulluɓe wurin da farantin ƙarfe mai kauri a ɗaure da kusoshi masu ƙarfi ko a yi walda. Shasi shi ne ƙashin bayan mota. Duk nauyin da ke bayan aksul, har da tirelar da za a ja, ta wannan wurin da aka yanke yake bi. Ban ɗauki wannan a matsayin aikin koyo a ƙofar gida ba, kuma motar da aka yi wa shi ta gama dakon nauyi.

Akwai masu zare falle ɗaya ko biyu daga sufurin. Mota tana sauka kam, amma an rage mata ƙarfin ɗauka, an kuma bar ragowar fallayen da aikin da ya fi ƙarfinsu. Wannan yana cikin kashi na biyu da na ambata. Yawancin jif irin Tahoe da Prado da 4Runner kuwa sufurin mai naɗi ne a bayansu, da wata sanda a gicciye da ke hana aksul zamewa gefe. In an sauke motar, sandar takan tura aksul ya karkata ɓangare ɗaya, sai ka ga taya ɗaya ta fi ɗaya leƙowa. Ana gyara wannan da sanda mai daidaituwa ko a matsar da maɗaurinta.

Kuɗin da ba a sa a lissafi

Mutum yakan ga farashin tubali biyu ya ce aiki ya yi arha, bai san rabin kuɗin yana gaba ba. Shakazoban kamfani an yi shi ne don tsohon tsayi. A sabon tsayi kullum a matse yake, ƙaramin rami ya sa ya kai ƙarshe ya daki kansa, ba da jimawa ba ya fara yoyon mai. Sauka ta wuce inci biyu tana bukatar gajeren shakazoba, ko a matsar da maɗaurinsa. Robar da ke tare aksul a sauya ta da gajera, kada a cire ta gaba ɗaya, domin in babu ita ƙarfe ne zai daki ƙarfe. Kusoshi masu siffar U da ke ɗaure aksul da sufurin ba a maimaita su. Sun riga sun miƙe a ɗaurin farko, zarensu ya gaji. Sababbi ake sa wa, a ɗaure su a gicciye da sufana mai ma'auni, a sake bin su bayan 'yan kwanaki na tafiya domin sukan saki.

Sai furofela. Mahaɗanta na gaba da na baya ba sa juyawa da gudu ɗaya in suna a karkace, kowanne yana ɗan sauri yana ɗan jinkiri sau biyu a zagaye guda. Kamfani ya daidaita kusurwoyin biyu yadda ɗaya zai goge laifin ɗaya. Da an taɓa tsayin baya, wannan daidaito ya tafi. Alamarsa karkarwa ce da ke tasowa daga ƙarƙashin kujera a wani gudu na musamman, ko lokacin tashi daga tsaye. Mutane da yawa sukan zargi taya, su kai balansin sau biyu sau uku a banza. Maganin ɗan siririn ƙarfe ne mai gangare, na digiri biyu zuwa huɗu, da ake sakawa tsakanin aksul da sufurin ya gyara inda hancin aksul yake kallo. Ko wayar hannu tana iya auna kusurwar. In furofelar gaɓa biyu ce, mariƙinta na tsakiya ma yakan bukaci a ɗaga shi.

Akwai wani abu ƙarami da nake so duk mai tsohuwar Hilux ko Nissan ya sani. Leƙa saman aksul na baya, za ka ga wani ɗan bawul ɗaure a shasi, bututun birki ya shiga ya fita, da siririyar sanda da ta taso daga jikinsa ta sauka a kan aksul. Aikinsa auna kaya ne. In an loda mota ta zauna, sandar ta tura bawul ya buɗe, birkin baya ya samu cikakken ƙarfi. In babu kaya, ya rage ƙarfin don kada tayoyin baya su ƙulle. To, da ka sauke motar, aksul ya matso kusa da shasi, bawul ɗin ya ɗauka an cika ta da buhuna alhali wayam take. Ranar da aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin baya ne za su fara ƙullewa, ƙugun motar ya zagayo gaba. Gyaran bai wuce ɗan guntun ƙarfe da zai mayar da bakin sandar matsayinsa na da ba, amma wanda bai san da shi ba bai san da shi ba. Sababbin motoci masu birkin ABS galibi kwamfuta ce ke wannan rabon.

Alaimen kuma ba zaɓi ba ne. Da an sauke gaba ta hanyar sufurin ko sandar murɗi, kawunan tayoyi sukan karkato ciki, bakinsu ma ya sauya inda yake fuskanta. A 'yan watanni cikin taya ya cinye tas alhali wajenta sabo ne. Kuɗin tayoyi biyu ya ninka na alaimen sau da yawa. Fitilun gaba ma a sake saita su, tunda an sauke baya fiye da gaba, hancin mota ya ɗaga, hasken zai riƙa shiga idon masu tahowa.

Game da aikin kansa, abu biyu ne ke kashe mutane. Ɗaya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti, wanda ke rugujewa ba gargaɗi. Ƙafafun ƙarfe na tokare mota ake sawa a ƙarƙashin shasi, a kan daɓe mai ƙarfi, a datse tayoyin da ke ƙasa. Na biyu sufurin gaba. Ko mota tana sama, a matse yake da ƙarfin da ya isa ya fasa ƙirjin mutum. Ana tokare hannun ƙasa da jak, a zura sarƙa ta cikin sufurin a ɗaure da hannun, sannan a saki boljoyin, a sauke jak sannu a hankali, mutum yana tsaye ta gefe ba ta inda zai fito ba. Wanda sufurinsa yake naɗe a jikin shakazoba, kamar Hilux ta 2005 zuwa yau, sai da na'urar matse sufurin mai kyau, ko a cire su a haɗe a kai gareji. Kusoshin da suka ratsa bushin kuma ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Duk wannan al'ada ce ta masu hanya mai kyau. A wajenmu akasin haka aka fi yi, makanikai ƙarin falle suke yi wa Hilux don ta ɗauki buhuna ta shiga kasuwar ƙauye, kuma suna da hujja. Motar da za ta bi gargada, ta haye tudun rage gudu, ta ratsa ruwan damina, kowane inci na ƙarƙashinta yana da aiki. Tukunyar man injin da salansa su ne za su fara biyan kuɗin adon. In mutum a cikin gari yake kuma ba ya dako, sauke baya da inci biyu don mota ta daidaita abu ne mai ma'ana, ba ya bukatar yanke komai, kuma in ya adana tsofaffin kayan zai iya mayar da ita yadda take ranar sayarwa. Inda batun ya fi shafar mu shi ne wajen sayen motar da aka shigo da ita daga Amurka. In ta zauna ƙasa fiye da 'yan'uwanta, a sa makaniki ya shiga ƙarƙashi ya duba ko akwai naɗin sufurin da ya yi baƙi ya manne da na kusa da shi, ko tubalai a ɗore, ko shasin da aka yanke ba a ƙarfafa ba.

Bayan an gama aiki, akwai gwajin da zai nuna ko an bar wa taya isasshen fili. A ɗaura siririn maɗaurin roba a jikin sandar shakazoba, in irin wanda sandarsa take a fili ne, a tura shi ya taɓa bakin bututun, mota tana tsaye a ƙasa. A bi hanyar da aka saba bi kullum, da irin kayan da aka saba ɗauka. In an dawo a duba inda bututun ya tura maɗaurin. In ya tsaya a tsakiya, akwai sauran fili. In ya kai can ƙarshe, ko an ga robar tare aksul ta goge ta yi sheƙi, to motar tana dukan ƙarshenta a tafiyar yau da kullum, kuma sai an mayar mata da inci ɗaya ko an sa sufurin da ya fi tauri.